Da wace tiya ake auna farin jinin makaɗa?

Wannan mako za mu ɗan huta da maganar farashin hatsi da ta albashi, mu leƙa wani fage da wasu ke ɗauka wasan yara ne, alhali kuɗɗin da ke yawo cikinsa ya fi kasafin ma'aikatun gwamnati da dama. Tambayar ita ce: cikin ƙungiyoyin makaɗa masu kiɗan da Turawa ke kira rok, wace ce ta fi farin jini a duniya, kuma mi ya kai ta can? Kada ɗan kasuwar Dogon Dutsi ko ma'aikacin Tibiri ya ce ina ruwansa, domin amsar tana koya mana dalilin da ya sa wasu makaɗa ke barin dukiya ga jikoki, namu kuwa da yawa sai su tsufa hannu wofi.

Ga wanda bai saba ba, rok kiɗa ne na mutum huɗu ko biyar: mai gitar ta lantarki, mai gitar mai kaurin murya da ake kira bas, mai jerin ganguna da yake kaɗawa da hannu da ƙafa, sai mai waƙa. An haifi kiɗan a Amurka cikin shekarun 1950, kuma babban rabon gadonsa ya fito daga baƙar fata jikokin bayi, irin su Chuck Berry da Little Richard. Samarin Ingila suka ɗauka, suka sake masa riga, suka mayar wa Amurkawa da shi tamkar sabuwar haja. Ƙungiyar Rolling Stones ma daga wata waƙa ta Muddy Waters, baƙar fata ɗan Amurka, ta samo sunanta.

To, wace ce ta farko? Duk wanda ya taɓa sayen gero ya san ba a gardamar yawan hatsi sai an shirya kan tiyar da za a auna da ita. In tiyar cinikin faifai ce, ƙungiyar Beatles ta birnin Libaful ita ke gaba. Samari huɗu ne, sun yi shekara goma kacal tare, daga 1960 zuwa 1970, amma waƙoƙinsu 20 suka hau matsayi na ɗaya a jerin cinikin Amurka, kuma a farkon watan Afrilu na 1964 su suka riƙe matsayi na ɗaya har zuwa na biyar gaba ɗaya. In tiyar daɗewa ce, sai Rolling Stones, waɗanda suka fara a Landan a 1962, suka tara mutum sama da miliyan guda a bakin tekun Riyo na ƙasar Barazil a 2006, kuma suka fitar da sabon faifai a 2023, lokacin da shugabansu Mick Jagger ya cika shekara 80. In tiyar kuɗɗin shiga fili ce, ƙungiyar Coldplay ta Ingila ta fara zagayen duniya a 2022 wanda ya tara sama da dalar Amurka miliyar guda, watau fiye da miliyar 500 na sefa, kuma a watan Janairu na 2025 ta cika filin Ahmedabad na Indiya da mutum sama da dubu 100 kowane dare.

Tiya uku ke nan, kowace da zakaranta. Amma in an duba yadda kowace ƙungiya ta kai inda ta kai, sai a tarar hanyar kusan guda ce.

Abu na farko, wahala. Kafin duniya ta san sunan Beatles, sun yi ta zuwa birnin Hambug na Jamus tsakanin 1960 da 1962, suna kiɗa a ƙananan gidajen rawa awoyi masu yawa kowane dare, suna kwana a ɗaki marar kyau, kuɗɗin kuma bai taka kara ya karya ba. Can ne hannuwansu suka saba da juna. Ran 1 ga Janairu 1962 suka je gwaji kamfanin faifai na Decca, aka ce ba a so. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Abu na biyu, hajar kai. John Lennon da Paul McCartney su ke tsara mafi yawan waƙoƙin ƙungiyarsu, haka Mick Jagger da Keith Richards a tasu. Da sun tsaya ga maimaita waƙoƙin Amurkawa da suka fara da su, da yanzu babu mai tuna su, don kayan aro ba ya rufe katara. A ƙasashensu kuma waƙa gona ce mai takarda: duk gidan rediyon da ya saka ta sai ya biya. Abin da ya sa ke nan a 1985 Michael Jackson ya zuba dala miliyan 47 da rabi ya sayi kamfanin da ke riƙe da haƙƙin mafi yawan waƙoƙin Beatles, shekara 15 bayan watsewarsu.

Abu na uku, zama tare. Ƙungiya ta bambanta da mawaƙi guda da ƴan amshinsa. Kamar ƴan kasuwa ne da suka haɗa jari, ranar da rabon riba ya kawo zargi, ranar shago ke rufewa. Beatles kansu rigimar kuɗɗi da ta shugabanci tana cikin abin da ya raba su bayan rasuwar wakilinsu a 1967, har magana ta kai kotu. Ƙungiyar U2 ta ƙasar Ailan kuwa mutum huɗun da suka taso tare tun suna ƴan lakwal a ƙarshen shekarun 1970 su ne ƴan ƙungiyar har yau, kuma an san su da raba riba daidai wa daida.

Abu na huɗu shi ne wanda masu yabon basira ba su cika son faɗi ba: dillali da hanya. Beatles sun sami Brian Epstein, ɗan kasuwa mai shagon faifai, wanda ya gyara musu sutura, ya yi ta ƙwanƙwasa ƙofofi har kamfanin EMI ya karɓe su. Ran 9 ga Fabrairu 1964 suka fito a talbijin na Amurka, mutum kusan miliyan 73 suka kalle su dare guda. Ƙungiyar Queen, wadda mawaƙinta Freddie Mercury haifaffen Zanzibar ne, minti 20 da ɗan kai ta yi a filin Wambile ran 13 ga Yuli 1985, a wasan tara taimako saboda yunwar Habasha, zamanin da mu ma nan muke fama da tamu yunwar da aka laƙaba wa El-Buhari. Tauraron ɗan'adam ya kai hoton ƙasashe fiye da ɗari, sunansu ya sake tashi. Ga kuma Turancin Ingilishi, wanda mulkin mallaka da ƙarfin Amurka suka riga suka share wa hanya tun kafin a haifi waɗannan samari. Raken Dallol Mawri komi zaƙinsa, in babu mota da hanya, a bakin fadama zai bushe.

Nan ne ya kamata mu yi hattara da kalmar nan ta duniya. Masu awo suna ƙirga faifan da aka saya da rasit, da tikitin da aka yanka, da sauraron da na'urar intanet ta rubuta. Duk abin da bai bi ta nan ba, a wurinsu bai faru ba. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi fiye da shekara 50 muryarsa na fita daga rediyo da kaset tun daga Kano har zangon Kumasi. Ɗan Ƙwairo da Narambaɗa har yau ana jin su a tashar mota. Sagalo kan tayar da tsikar jikin ƙasa guda lokacin kokowar takobi. Yaran da ke zuba wa mutane waƙoƙi cikin salula a kasuwannin Dutsi da Kore Mairuwa da Matankari suna raba waƙar Kano sau dubbai, babu ko ɗaya da ke shiga littafin masu awo. Ke nan in an ce ƙungiya kaza ta fi farin jini a duniya, abin nufi shi ne ta fi farin jini inda ake rubuta ciniki. Kunnen miliyoyin masu jin Hausa ba ya cikin tiyar, kuma kuɗɗinsu ba ya isa aljihun mawaƙi.

Duk da haka akwai ƴan Sahel da suka keta wannan shinge, kuma darasinmu yana wurinsu. Ƙungiyar Tinariwen ta Abzinawan Mali ta fara da kaset da ake kwafa hannu da hannu cikin hamada, ta ƙare da lambar Grammy ta Amurka a 2012. Bombino na Agadas ya zama ɗan Nijar na farko da ya shiga takarar wannan lamba da faifansa na 2018. Mdou Moctar, wanda ya harhaɗa gitarsa ta farko da wayar burkin keke, a Sakkwato nan kusa da mu ya ɗauki faifansa na farko a 2008. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga salula zuwa salula har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ji, ya neme shi, ya buga. A 2021 kamfanin Matador na Niyok ya fitar da faifansa, jaridun rok na Turai da Amurka suka sa shi cikin gwanayen gitar na zamani. Ƙungiyar Tal National ta Yamai, mai waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, ta saba kiɗan awa biyar a dare, kwana biyar a mako, kafin wani kamfanin Ingila ya buga faifanta a 2013. Shugabanta Almeida ma'aikacin shari'a ne, abin da ya isa amsa ga masu cewa gitar sana'ar marasa aikin yi ce.

Ku lura, babu ɗaya cikinsu da ya kai can da kwaikwayon Turanci. Da harshensu da zaƙin kiɗan gidansu suka tafi, gitar kawai suka ara. Ku kuma lura da abin da rashin hanya ke yi. Ƙungiyar Azna de l'Ader ta Tawa, ƙarƙashin gwanin gitar Mona, tana kiɗan rok mai zafi tun shekarun 1970, ana kwatanta shi da Jimi Hendrix, amma sai bayan shekaru kusan 40 aka buga faifanta a waje. Gwaninta tana nan tun farko, dillali ne bai zo ba sai da furfura ta fito.

Mu dawo gida. Arewa ba matalauciyar kiɗa ba ce. Ƙasar Lugu da Bagaji tana da goge da ƙwarya, da kalangu, da gurumi, da kiɗan noma da na ƴan kokowa, kowane da taken da yaro ke ganewa tun daga nesa. Abin da baƙi ke biyan kuɗɗi su ji wurin ƴan Agadas, watau kiɗa mai tushe da babu irinsa wani wuri, muna da namu. Ƙasa ma ta taɓa sa hannu: bikin samari na ƙasa tun 1976, gasar Ɗan Gurmu tun 1987, da cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai tun 1989, su suka fito da mawaƙa da yawa da muka taso muna ji. Abin da ya rage mana shi ne abubuwan nan da ba a kaɗawa: haƙurin zama tare, takardar haƙƙi, da mai zuba jari.

Saboda haka ga magana ga kowane ɓangare. Ƴan kasuwa, kuɗɗin da ake liƙa wa makaɗi a goshi daren biki yabo ne, kuma da safe ya ƙare. Wanda ya sayi kayan sauti da injin wuta ya ba samari bisa yarjejeniya rubutacciya, ya biya musu kuɗɗin ɗaukar murya mai kyau, shi ya yi kasuwanci, kuma Epstein bai yi fiye da haka ba da farko. Ma'aikata, musamman na al'adu da masu riƙe da ragamar garuruwa, gidan samari bai kamata ya zama wurin taron jawabi kaɗai ba. A ba ƙungiyoyi dare guda kowane mako su yi kiɗa gaban jama'a, domin nan ne Hambug ɗinmu. A kuma ɗauki muryar tsofaffin masu goge da gurumi tun suna da rai, a ajiye da sunansu da garinsu, kada wata rana mu sayi kiɗan kakanninmu daga hannun baƙo. Makaɗa kuma su rubuta waƙoƙinsu a ofishin haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, su shirya rabon riba tun babu riba, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wanda ya matsa sai an ba shi suna guda, to Beatles ne, bisa tiyar da masu ita suka ƙera. Mu kuwa tambayar da ta fi kusa da mu ita ce ko yaron da ke koyon gitar yau a Tibiri zai iya ciyar da iyali da ita nan da shekara goma, yana waƙa da harshen uwarsa. Wannan ba a Landan za a yanke ta ba, a hannunmu take.

Allah ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai riba. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.