Kotun Sumner: Wanda Ba Shi Da Ƙuri'a Ba Shi Da Alƙali

'Yan'uwa talakawa, yau za mu ba ku labarin wani ɗakin shari'a a garin Sumner, cikin gundumar Talahaci ta jihar Misisifi a ƙasar Amurka. An gina shi da jan bulo a 1910, har da hasumiya mai agogo. Amma kyan gini ba shi ne adalci ba.

A nan ne cikin watan Satumba 1955 aka gurfanar da Turawa biyu, Roy Bryant da J. W. Milam, bisa kisan Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14. Sun ɗauke shi da dare kan zargin ya yi wa matar Bryant fito, daga baya aka tsamo gawarsa a kogi. Moses Wright, dattijo manomin auduga wanda a gidansa aka ɗauke yaron, ya miƙe a gaban alƙali ya nuna su da yatsa. Bayan shari'ar sai da ya bar gonarsa ya gudu Chicago don tsira da ransa.

To, a can mutum 12 ake zaɓowa daga cikin jama'a su yanke hukunci, kuma sai mai rajistar ƙuri'a ake ɗauka. Baƙar fata su ne mafi yawa a gundumar, amma ko ɗaya ba a bari ya yi rajista ba. Saboda haka duka 12 ɗin Turawa ne. Minti 67 suka yi, suka ce ba laifi. A Janairu 1956 mujallar Look ta buga labarin yadda suka yi kisan, wanda mutanen nan biyu suka sayar, don sun san doka ta hana a sāke yi musu shari'a.

Sai a 2007 mutanen gundumar suka taru a ƙofar kotun suka nemi gafarar dangin yaron. A 2023 gwamnatin Amurka ta sa ginin cikin wuraren tarihi na ƙasa. Madalla, amma gafara ba ta ta da matacce.

Jama'a, mu lura. Tun ran da aka hana iyayen gundumar rajista aka yanke wannan hukunci, ba ran shari'a ba. Mai tebur a kasuwa da mai fartanya, kada wanda ya ce ƙuri'a ba ta dame shi ba. Wanda ya bari aka share sunansa a takardar zaɓe, ranar da ya shiga kotu zai tarar ba nasa a ciki.