Shekarar 2023 Ta Leƙo Mu Har Fagge

Ƙannenmu 'yan makaranta, shekarar 2023 ta wuce, bari mu waiwaya. Mukan ɗauka labarin ƙasashen waje na dattawa masu rediyo ne, amma a 2023 ya shigo mana har gida.

Ranar 15 ga Afrilu yaƙi ya ɓarke a Sudan tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF. Yayyenmu da ke karatu a Khartum suka baro makarantunsu, aka kwaso wasu ta Masar, karatu ya tsaya cak.

Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum a Nijar. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka. Mutanen Maraɗi da Damagaram masu sarin atamfa a Kantin Kwari suka ragu, ciniki ya ja baya. Da yawanmu kuwa daga wannan kasuwa kuɗin makarantarmu yake fitowa.

A watan Yulin ne Rasha ta fice daga yarjejeniyar fitar da hatsin Yukren, alhali yawancin alkamar burodinmu daga waje ake shigo da ita. Daga 7 ga Oktoba kuma yaƙin Gaza ya ci rayukan dubban yara sa'anninku. A gida, cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu ya ɗaga kuɗin Adaidaita Sahu.

Saboda haka, duk labarin da kuka ji, ku nemo ƙasar a taswira, sannan ku tambayi malaminku ta ina abin zai taɓa Fagge da Sabon Gari.