Sharhin Edita: Jirgin guzuri, da abin da kasafin kuɗi ke mantawa

A watan Yunin 2006 rundunar sojin ruwan Amurka ta karɓi wani jirgi da ba a ƙera shi domin faɗa ba. USNS Lewis and Clark, wanda kamfanin NASSCO ya gina a San Diego, rumbu ne mai tafiya a kan teku: tsawonsa mita 210, nauyinsa idan ya yi lodi ya kai tan dubu 40, abin da ke cikinsa kuwa abinci ne da harsasai da kayan gyara da ɗan man fetur. Shi ne na farko cikin jirage 14 masu fasali ɗaya. Na ƙarshensu, USNS Cesar Chavez, ya shiga aiki a 2012.

Aikin irin wannan jirgi shi ne ya riski jiragen yaƙi a tsakiyar teku ya ɗora musu guzuri ba tare da ɗayansu ya tsaya ba. Sai su jera kafaɗa da kafaɗa suna tafiya, da tazarar da ba ta kai tsawon filin ƙwallo ba, a harba igiya daga wannan zuwa wancan, a ɗaure wayar ƙarfe, kaya su riƙa tsallakawa a kanta, jirgi mai saukar ungulu kuma yana jigilar sauran. Idan babu wannan, jirgin yaƙi komai tsadarsa dole ya bar bakin aiki ya nemi tashar da zai sayi abinci. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Yadda aka gina su ya cancanci nazarin duk mai hannu a sayayyar gwamnati. An ba da kwangilar farko a 2001, aka tsaya a kan zane ɗaya da ma'aikata ɗaya har ƙarshe, don haka kowane jirgi ya amfana da kurakuran wanda ya gabace shi, na baya-bayan suka riƙa fitowa cikin lokaci mafi gajarta. An bi ƙa'idojin ƙera jiragen kasuwanci a mafi yawan sassansu domin rage kuɗi. Jirgi guda ya maye gurbin tsofaffin iri biyu, mai ɗaukar makamai da mai ɗaukar kayan masarufi. Matuƙansa ma galibi fararen hula ne, ɗari da 'yan kai, ma'aikatan gwamnatin tarayya da ke karɓar albashi kamar kowane ma'aikaci.

Sun kuma yi ayyukan da ba a rubuta a kwangila ba. A 2009 an mayar da wani sashe na Lewis and Clark wurin tsare waɗanda ake zargi da fashin teku a gaɓar Somaliya. Sacagawea ya kai agaji Haiti bayan girgizar ƙasar 2010, wasu 'yan uwansa kuma suka yi haka a Japan a 2011.

To amma ƙarfe ba ya tuƙa kansa. A ƙarshen 2024 rundunar sojin ruwan Amurka ta amince da shirin ajiye jiragen tallafi 17 a gefe, ba don sun lalace ba, sai don babu isassun matuƙa. Waɗanda ke akwai suna wuce wa'adinsu a teku ba tare da an kawo masu canjinsu ba, da yawa suka ajiye aiki. Gyara ma ya zama abin nema a waje: an kai Charles Drew Indiya a 2022, Wally Schirra kuma ya shafe watanni a ma'aikatar Hanwha Ocean ta Koriya ta Kudu daga 2024 zuwa 2025. Ƙasar da ta fi kowace kashe kuɗi a kan tsaro ce ta tsinci kanta a wannan hali, saboda ta lissafa kuɗin gini daidai, ta raina lissafin mutanen da za su yi shekara da shekaru a cikin jirgin.

Najeriya ba ta buƙatar jirgi mai wannan girma, kuma wannan jarida ba ta kiran a sayo shi. Sai dai tambayar da ya tayar ta shafi Abuja kai tsaye. NNS Aradu, wanda aka karɓa a farkon shekarun 1980 a matsayin abin alfaharin rundunar ruwa, ya shafe mafi yawan shekarunsa na baya-bayan nan a ɗaure a tasha. NNS Kada, jirgin jigilar da ya iso a 2022, ya nuna amfanin irinsa tun a shekararsa ta farko da ya kai kayan sojojin Najeriya Gini Bisau domin aikin ECOWAS. Amma jirgi ɗaya ne. Ranar da ya shiga gyara, babu na biyu mai irin aikinsa da zai tsaya a madadinsa.

Bikin ƙaddamar da jirgin yaƙi yana kawo minista da 'yan jarida, shi ya sa ba ya rasa mai kare shi a gaban kwamitin majalisa. Kuɗin kayan gyara da horar da injiniyoyi da alawus ɗin matuƙa ba su da wannan gata, su ake fara zaftarewa idan kasafi ya matse. Ya kamata Ma'aikatar Tsaro da Ofishin Kasafin Kuɗi su daina karɓar buƙatar sayen jirgi sai ta zo da lissafin riƙonsa na tsawon rayuwarsa: man da zai sha, inda za a gyara shi, mutum nawa zai ɗauka, da wanda zai canje su. Ma'aikatar jiragen sojin ruwa da ke Legas, wadda ta ƙera NNS Andoni a 2012 da Karaduwa a 2016 da Oji a 2021, ta riga ta nuna tana iya maimaita zane tana inganta shi. Idan za a yi jirgin tallafi na gaba, a tambaye ta tun kafin a sa hannu a kwangila wane sashe na gini da gyara za ta iya ɗauka.