FILIN MATA: Ganin Teku Ba Sai Mai Kuɗi Ba

 

Tun da aka fara maganar dogon hutu wasiƙu su ke ta zuwa wannan fili, yawancinsu daga malaman makaranta mata da ma'aikatan asibiti, kuma kusan duk tambayarsu ɗaya ce. Shin mace mai ɗan albashi ta iya haɗa kai da ƙawayenta su hau mota su tafi bakin teku, su buɗe ido su komo, ba su ci bashin kowa ba? I, ta iya. Amma fa da sharaɗi, watau a gama maganar kuɗi tun a gida. Sau da yawa ƙawaye kan tashi suna raha, su komo ba mai ce wa wata uffan, a kan abin da bai kai kuɗin turmin atamfa ba. Saboda haka zan fara da jaka, sa'an nan mu hau hanya.

Hanyar da na zaɓa mana ita ce wadda ta bi gaɓar teku daga Ikko, watau Legas, ta ratsa ƙasar Benin da Togo ta shiga Gana. Daga Kano zuwa Ikko wajen kilomita 1,000 ne. Daga Ikko zuwa Ankara, babban birnin Gana, wanda a ke rubutawa Accra a allunan hanya, bai cika kilomita 500 ba. Kwana goma sun isa zuwa da komowa, in ba a yi sanya ba.

To, ku zama huɗu. Mutum huɗu sun cika ƙaramar mota, ba sai an zauna a tasha ana jiran fasinja ba, ga shi kuma ɗaki biyu ya ishe su. Ku kafa adashi tun da sauran wata tara ko goma, sai dai wannan adashi ba mai kwasa, a asusu zai zauna har ranar tashi. Ku naɗa ma'ajiya mai riƙe kuɗi, ku naɗa wata dabam mai riƙe littafi, kada ɗaya ta haɗa aikin biyu. Kowane dare bayan sallar lisha mai littafi ta karanta abin da aka kashe, ma'ajiya ta ƙirga abin da ya rage a gaban kowa. Wata za ta ce, "Haba, ai mun yarda da juna." Gaskiya ne, amma littafin shi ke tsare yardar.

Shawarata ku kasa kuɗin kashi goma. Huɗu na mota, uku na masauki, biyu na abinci da kuɗin shiga wurare, ɗaya kuwa a ɓoye shi domin rashin lafiya ko lalacewar mota. Kuɗin motar komowa gida a ware shi tun ranar fari, kada a taɓa shi ko da me. Tsaraba kuwa kowace ta saya da nata, ba ruwan asusu. Akwai kuma tambayoyi uku da za ku amsa kafin ku sa ƙafa a mota. In ɗaya ta fasa tafiya, nawa za a mayar mata? In ɗaya ta kwanta ciwo, wa zai zauna da ita? In ɗaya ba ta son shiga wani wuri, za a ba ta kuɗin shigarta ko kuwa ya zauna a jaka? Ku rubuta amsa a shafin farko, kowace ta sa hannu. Da na sani ƙeya ce.

Ba sai na tuna muku neman yardar maigida ko iyaye ba. In da wani ɗan'uwa da zai raka ku, madalla, sai a lissafa da shi tun farko. Ku bar wa gida sunayen garuruwan da za ku kwana da lambar wayar kowace.

Sai takardu. Tun 1979 ƙasashen ƙungiyar ECOWAS su ka yi yarjejeniya cewa mutanensu su shiga ƙasashen juna ba biza, su zauna har kwana 90. Amma tilas ki riƙe fasfo ko takardar tafiya ta ƙungiyar. 'Yan'uwanmu na Nijar su binciki ƙa'ida kafin su tashi, domin ƙasarsu ta fita daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025. Har wa yau tilas ki riƙe katin nan rawaya na allurar shawara. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, don haka kada ki bari sai ana jibi tafiya. Tun 2016 dokar lafiya ta duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Iyaka uku za ku ƙetare: Seme, tsakanin Nijeriya da Benin; Hilakonji, tsakanin Benin da Togo; da Aflawo, tsakanin Togo da Gana. Mai cikakkun takardu ita ke wucewa da sauƙi, wadda nata ba su cika ba kuwa ita ke buɗe jaka.

Kuɗi iri uku za ku taɓa: naira, da sefa wadda a ke ci a Benin da Togo duka, da sidi na Gana. Duk sanda aka canza kuɗi sai ɗan canji ya ci nasa, saboda haka ku canza gwargwadon bukata, ku ƙirga a gabansa kafin ku ɗaga. Ku lura da agogo kuma: in kun shiga Togo sai ku mai da shi baya da awa ɗaya, haka zai zauna har Gana.

Wane lokaci ya fi? Damina biyu gare su a bakin teku. Babbar daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙaramar daga Satumba zuwa Nuwamba. A watan Agusta ruwa kan ɗauke, gari ya yi sanyi-sanyi, ga shi ya faɗo daidai cikin dogon hutunmu. Disamba rani ne, amma lokacin bukukuwansu ne, mota da masauki duk su kan yi tsada. Ku yi tafiya da rana, ku sauka kafin magariba, domin a Togo da Gana rana ba ta wuce ƙarfe shida da kaɗan ta ke faɗuwa.

Yanzu mu hau hanya. Daga tashar Mile 2 a Ikko a ke samun motocin Seme. Kafin iyaka akwai Badagiri, inda a ke nuna wani bene da 'yan mishan su ka gina a 1845, wanda a ke kira benen farko na Nijeriya. Mu da mu ka san sorayen Kano da Zariya muna da ta cewa a kan wannan suna, amma ku shiga ku gani. A nan kuma a ke haye ruwa da kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, inda a da a ke fitar da bayi zuwa jirage.

A Benin, kusa da Kwatano, akwai Ganbiye, gari sukutum a kan ruwan tafkin Nokuwe. Gidajensu a kan dirkoki su ke, kasuwarsu a cikin kwalekwale mata ke cinta. Kwalekwale ɗaya ya ɗauke ku duka, ku yi ciniki tun kafin ku shiga. Gaba kaɗan sai Wida, inda wata hanya mai wajen kilomita 4 ta taso daga gari ta ƙare a bakin teku, nan aka gina wata babbar ƙofa a 1995 domin tunawa da waɗanda aka tafi da su ba su komo ba.

Togo siririya ce, gaɓarta ba ta cika kilomita 60 ba. A babbar kasuwar Lome ne matan nan da a ke kira Nana Benz su ka yi suna. Da cinikin atamfa su ka yi arziki har su ka riƙa hawan Marsandi, daga nan sunan ya samo asali. Ki tsaya ki dubi yadda matan kasuwar ke riƙe lissafi, akwai darasi. Amma a nan ne fa kuɗin tsaraba ke ƙarewa, ki kama kanki, tafiya da saura. Iyakar Aflawo a gefen birnin ta ke, da ƙafa a ke ƙetare ta.

In kun isa Ankara ku nemi masauki kusa da unguwannin zango, kamar Nima ko Sabon Zango. Za ku ji Hausa a bakin mutane kamar kuna gida. Kakanninmu fatake sun daɗe suna zuwa Gwanja sayen goro a kasuwar Salaga, kuma Hausa ta zama harshen zanguna a ƙasar duka. Ko a abincinsu za ku gane: kokon safe da ƙosai, su kan kira shi Hausa koko, shinkafa da wake su kan ce mata waakye, daga kalmarmu ta wake, ga kuma tuwon zafi. Abincin zango ya fi na otal araha, ba kuwa shakka a kan naman. Ku ɗanɗana kenke, watau tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi. Ku taho da ƙuli-ƙuli da daƙuwa da garin rogo daga gida domin hanya, ruwa kuwa sai wanda ke rufe. A cikin gari ku hau ƙananan bas da su ke kira trotro, ku je makwancin Kwame Nkrumah, wanda ya kai ƙasar ga samun mulkin kai ran 6 ga Maris, 1957.

Ƙarshen tafiya shi ne Cape Coast, wajen kilomita 150 yamma da Ankara, da Elmina da ke kusa da ita. Mutanen Fotugal su ka gina gidan Elmina a 1482 domin cinikin zinariya. Mutanen Holan su ka ƙwace shi a 1637, ya koma hannun Ingilishi a 1872. Tun da daɗewa kafin wannan shekara shi da na Cape Coast su ka zama ma'ajiyar bayi. Za a sauka da ku cikin ɗakunan ƙarƙashi masu duhu, inda aka riƙa cusa mutane, maza dabam mata dabam, a nuna muku 'yar ƙofar da ta buɗe ga teku. A 1979 hukumar UNESCO ta sa waɗannan gine-gine cikin kayan tarihin duniya. A kwalejin horon malamai an koya mana wannan labari a allo, mu ma muna koya wa yara, amma gani ya kori ji. Malamar da ta tsaya a cikin ɗakin nan ba za ta sake koyar da darasin da sanyin jiki ba. Ku sani baƙo ya fi ɗan ƙasa biya a ƙofa, ku lissafa da wannan.

Wajen kilomita 30 arewa da Cape Coast akwai dajin Kakum, inda aka rataya gadoji bakwai na igiya tsakanin manyan itatuwa, wani wuri tsawonsu daga ƙasa ya kai mita 30 ko fiye. Mai jiri ta zauna a ƙasa ta riƙe jakunkuna, ba abin kunya ba ne. Masu son ganin masunta na jawo koma su je bakin ruwa da sassafe, amma ban da Talata, domin a yawancin garuruwan nan ba a fita su ran Talata.

Saura magana guda, wadda ta fi kuɗi nauyi. Teku ba kogin garinku ba ne, ba kuma kududdufi ba. Sau biyu a yini ruwansa ya kan cika ya janye saboda jan wata, inda ki ka shimfiɗa tabarma da hantsi ya iya zama ruwa da la'asar. A wannan gaɓa akwai wani ja mai ƙarfi da ke komawa ciki, ya kan kwashe har gwanayen iyo, kuma a watan Agusta igiyar ruwa ta fi haushi. Zane in ya jiƙe nauyi gare shi, ya kan naɗe ƙafa. Saboda haka kada ruwa ya wuce idon sawunki, kada ki ba shi baya domin ɗaukar hoto, kada ɗaya ta je ita kaɗai. In masunta sun ce ku matsa, ku matsa. Da dare kuma ku shiga gidan sauro, domin sauron can ba ya hutun rani.

In kun komo, kafin kowace ta kama hanyar gidanta, ku zauna a karanta littafi daga fari har ƙarshe. Abin da ya rage a raba shi daidai, ko a bar shi ya zama zubin farko na baɗi. Ƙawayen da su ka rabu da lissafi wanke su ne ke sake haɗuwa a tasha.

Wadda ta taɓa bin wannan hanya, ko wata irinta, ta rubuto mana abin da ta gani, sauran 'yan'uwa su ƙaru. Tafiya mabuɗin ilmi. Allah ya kai ku lafiya ya komo da ku lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.