Raddi Ga Janar-Janar Dubu Kan Dokar "Kada Ka Tambaya, Kada Ka Faɗa"

A 2009 tsofaffin janar-janar da manyan hafsoshin ruwa na Amurka fiye da dubu suka rattaba hannu a wata wasiƙa zuwa ga Shugaba Barack Obama, suna gargaɗin cewa in aka bar 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo suka yi aikin soja a fili, rundunar ƙasar za ta karye. Har yau ana maimaita hujjojinsu kamar ba a taɓa gwada su ba, alhali an gwada. Ba fatawa na zo bayarwa ba. Hukuncin addini a kan wannan ɗabi'a kowane mai karatu ya san shi. Su kuwa janar-janar ɗin hujjar yaƙi suka kawo, don haka da ma'aunin yaƙi za mu auna ta.

Dokar da suke karewa an kafa ta ne a 1993, zamanin Bill Clinton. Ma'anarta: kwamanda ba zai tambaye ka ba, kai ma ka yi gum, ranar da aka ji, ka tattara naka ya naka.

Hujjarsu ta farko ita ce haɗin kan sojoji zai lalace, domin soja ba zai amince da irin wannan abokin a ramin daga ba. To, an tambayi sojojin da kansu. Ma'aikatar tsaro ta aika wa dakaru 400,000 takardun tambaya a 2010, sama da 115,000 suka amsa. Rahoton da Janar Carter Ham da lauya Jeh Johnson suka fitar ranar 30 ga Nuwamba ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 suna ganin soke dokar ko dai alheri zai kawo, ko gauraye, ko ba zai canja komai ba. Gaskiya ne adawa ta fi ƙarfi a cikin sojojin kundumbala na ruwa. Amma daga cikinsu Eric Alva ya fito, sojan Amurka na farko da ya ji mummunan rauni a Iraƙi a 2003, nakiya ta raba shi da ƙafarsa ta dama. Sai a 2007 ya bayyana cewa shi ɗan luwaɗi ne. Wane haɗin kai ya ɓata lokacin da yake zubar da jini tare da 'yan uwansa?

Ta biyu, sun ce za a rasa ƙwararru. Nan ne maganarsu ta fi ba ni takaici, domin dokar da suke so ita ce ta riƙa korar ƙwararrun. Sama da sojoji 13,000 aka sallama a ƙarƙashinta. Ofishin binciken kuɗi na majalisar dokoki ya gano a 2005 cewa fiye da 300 daga cikin korarrun masu ilimin harsuna ne da ake matuƙar buƙata, 54 daga cikinsu masu Larabci. Ka duba lokacin: ana yaƙi a Bagadaza da Falluja, soja yana tsaye a shingen bincike bai san abin da direban da ke gabansa yake faɗa ba, rashin fahimtar da kan jawo harbin farar hula. A daidai wannan lokaci ake miƙa wa tafinta takardar sallama. Laftanar Dan Choi, wanda ya karanci Larabci a makarantar hafsoshi ta West Point ya kuma yi aiki a Iraƙi, haka aka yi masa a 2010. Wannan shi ne a kashe maciji da sandar da ake dogarawa har ta karye.

Ta uku, wadda wasu masu adawa ke kawowa, wai mai irin wannan hali abokan gaba za su iya riƙe shi da barazanar tona asiri. Ai asirin dokar ce ta ƙirƙire shi. Wanda ba ya tsoron kora, da me za a tsorata shi? Admiral Mike Mullen, babban hafsan hafsoshi a lokacin, ya shaida wa majalisar dattawa a Fabrairun 2010 cewa abin da ke damunsa shi ne tilasta wa matasa yin ƙarya kafin su samu damar kare ƙasarsu.

Ta huɗu, sun ce abu ne da ba a san ƙarshensa ba. An sani. Kanada da Ostireliya sun ɗage nasu haramcin a 1992, Birtaniya a Janairun 2000 bayan hukuncin Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai, kuma dakarunsu sun yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da Amurkawa a Afganistan.

Majalisar dattawa ta soke dokar da ƙuri'a 65 kan 31, Obama ya sa hannu ranar 22 ga Disamba 2010, sokewar ta fara aiki 20 ga Satumba 2011. Ba a ga guduwar sojoji ba, ba a ga tawaye a barikoki ba. Janar James Amos, shugaban sojojin kundumbala na ruwa a lokacin, wanda ya fi kowa adawa a gaban majalisa, kafin 2011 ta ƙare ya faɗa wa 'yan jarida cewa sauyin ya wuce lami lafiya kuma ya gamsu da yadda dakarunsa suka karɓe shi. Duk mai son ya ci gaba da adawa, to ya nemi wata hujjar. Ta ƙarfin runduna dai ta faɗi.