Kin biya kuɗin waƙar talla, to ina kayan haɗinta?

Yau maganarmu a kan waƙoƙin talla da na buki ne, waɗanda kuke biya a yi muku a situdiyo, da kuma asarar da ke ɓoye a cikinsu.

Daga Birnin Ƙonni har Malbaza da Illela, mai shago da mai sayar da atamfa da dillalin albasar Galmi, kowa yana son a ji sunansa a rediyo ko a WhatsApp. Sai a je wurin yaro mai fiyano da kwamfuta, ya haɗa kiɗa, a rera, a turo wa mutum waƙarsa a waya. Rigimar ba ta tashi sai ranar da aka so canza wani abu: lambar waya ta sake, ko shago ya tashi daga bakin tasha ya koma cikin kasuwa, ko farashi ya hau. A nemi mai situdiyon, a tarar ya tafi Yamai ko Kano, ko kwamfutarsa ta mutu. A kai waƙar wurin wani, ya ce sai dai a yi sabuwa, a sake biya. Mu ma'aikatan rediyo muna ganin haka: talla mai daɗi, amma lambar da ke ciki ba ta shiga.

Mai situdiyo na biyu ba ƙarya yake yi ba. Abin da aka turo miki a waya, wanda ake kira MP3, kamar fura ce da aka riga aka dama da nono da sukari. Ana iya sha, ba a iya raba su. Murya da ganga da fiyano duk sun cakuɗe, cire lambar waya daga ciki ba tare da an ɓata kiɗan ba aiki ne mai wuya.

Ainihin aikin kuwa yana cikin manhajar da aka haɗa kiɗan da ita, kuma manhajojin nan ba su jin harshen juna. Akwai FL Studio ta kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam, wadda samari da yawa suka saba kira Fruity Loops, tsohon sunanta kafin 2003. Akwai Cubase ta kamfanin Steinberg na Jamus, wadda ta fito tun 1989. Aikin da aka ajiye da FL Studio, Cubase ba ta buɗe shi. Ko manhajar iri ɗaya ce, tsohuwa takan ƙi buɗe aikin sabuwa. In ma ya buɗu, sautin da wancan ya yi amfani da shi in babu shi a wannan kwamfutar, sai a ji wurin shiru. Turawan da ke ƙera su sun san da matsalar, shi ya sa a 2023 kamfanonin Bitwig da PreSonus suka fito da wani tsari mai suna DAWproject domin aiki ya riƙa wucewa daga wannan manhaja zuwa waccan. Sai dai ba dukansu suka karɓe shi ba.

To mene ne mafita? Tun kafin ki miƙa kuɗi, ki ce a ba ki abu uku. Na farko, waƙar da aka gama. Na biyu, kowane sauti daban: murya daban, amshi daban, ganga daban, fiyano daban, a tsarin da ake kira WAV, kuma duka su fara daga wuri ɗaya. Kowace manhaja tana karanta WAV. Na uku, MIDI, wato rubutun kiɗan, wanda ke nuna wane maɓallin fiyano aka taɓa kuma yaushe. Tun 1983 ake aiki da shi. A rubuta miki saurin kiɗan a takarda. Kar a tsorata ki da cewa kayan suna da nauyi: minti ɗaya na WAV wajen megabait 10 ne, tallar minti ɗaya mai sauti 8 ba ta wuce megabait 80 da ƴan kai, ƙaramin katin memori ya ɗauke ta.

Masu situdiyo za su ce in sun ba da kiɗansu a warware, wani zai ɗora wa wata waƙa ya ci guminsu. Wannan tsoro yana da hujja, domin satar fasaha ta yi yawa. Amma maganinsa a yi ciniki a fili. Mai situdiyo ya faɗi kuɗin waƙa kaɗai, ya faɗi kuɗinta da kayan haɗinta, a rubuta cewa kiɗan na wannan talla ne kawai, shaidu su sa hannu. Wanda ke son kare aikinsa kuma, akwai hukumar kare haƙƙin masu fasaha ta ƙasa, BNDA.

Su ma ai ribarsu ce. A watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki aka kuma rufe iyaka, wanda ya fara waƙa a Sakkwato ba shi da halin komawa ya ƙarasa ta cikin sauƙi. Wanda ke riƙe da kayansa a kati kuwa, duk situdiyon da ya samu wuta a Ƙonni ko Tawa zai iya ci gaba da aikin.

Hajiya, in kin kai wa tela shadda, ba kya barin sauran ƙyallen a wurinsa, domin wata rana za a yi gyara. Alhaji, in ka sayi babur, ba ka tafiya sai da takardunsa. Waƙar talla ma dukiya ce, a karɓe ta da kayanta, a ajiye kati ɗaya a gida, ɗaya a shago. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.