Bulalar 1984 ba ta gyara mu ba

Duk majalisar da aka zauna ana kukan halin da ƙasa take ciki, ba a rasa dattijon da zai gyara zama ya ce: "Ɗan Najeriya sai da bulala. Ku da kun ga zamanin Buhari da Idiagbon!" Samarin da ko haihuwarsu ba a yi ba a lokacin sun karɓe zancen, suna bitarsa a Facebook kamar karatun allo. Ni ban yarda da shi ba, kuma ina ganin ya cuce mu.

Abin da ake tunawa shi ne layi. A watan Maris na 1984 aka ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, soja ya tsaya a tasha da bulala, ma'aikacin da ya makara aka sa shi tsallen kwaɗo. Mutane sun bi layi, babu musu. To amma layin me? Galibi na madara ne da sukari da sabulu, kayan da suka yi ɓatan dabo a kasuwa. Kuma wanda ya sha bulalar shi ne talakan da ke tsaye cikin rana.

Akwai abin da majalisa ba ta ambata. Dokar Soja ta 2 ta ba da damar tsare mutum ba tare da shari'a ba, ta kuma hana kotu sa baki. Da Doka ta 4 aka ɗaure 'yan jarida biyu na The Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor. A watan Afrilun 1985 aka harbe mutum uku kan safarar ƙwaya, da dokar da aka mayar da ita baya. Musuluncin da muke tinƙaho da shi bai yarda a hukunta mutum da dokar da ba ta zo masa ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne rufe iyaka. A Afrilun 1984 aka garƙame ta, aka canza launin naira cikin 'yan kwanaki, daidai lokacin da fari ya kama Nijar. Mutanen Maraɗi da Damagaram da Ƙonni, 'yan uwanmu na jini da auratayya, waɗanda suka saba gangarowa Kano da Katsina neman hatsi da cin rani, suka tarar da ƙofa a rufe. Har yau a can ana kiran yunwar shekarar da sunan El-Buhari.

Ranar 27 ga Agustan 1985 Babangida ya kifar da gwamnatin, wata ashirin kacal da hawanta. Soja na barin tasha layi ya watse, domin tsoro aka shuka, ba a gina wata hukuma da za ta ci gaba da aikin ba.

Allah ya jiƙan Buhari, ba shi nake tuhuma ba. Tuhumata tana kanmu, mu da muka riƙe wannan salo muna begensa shekara talatin, muka kai shi akwatin zaɓe a 2015. Aka kuwa maimaita mana shi. A Agustan 2019 aka sake rufe iyaka har zuwa Disamban 2020, shinkafa ta yi tsada, Jibiya da Illela suka yi tsit. Farkon 2023 aka sake canjin kuɗi, magidanta suka kwana a bakin banki, mai tuwo da mai kayan miya suka rasa mai saye.

A wannan karon gwamnonin Kaduna da Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli. Ranar 3 ga Maris ta yanke hukuncin a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun kuɗi har ƙarshen shekara. Wadda ta sassauta wa talaka ke nan, kotu, irin wadda Doka ta 2 ta rufe wa baki a shekarar da ake ta yi mana kirarinta.